Me ya sa wasu in ka je musu da magana sai su hau mumbari?

Ɗan_Dako_Mile12:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ɗauka rashin kunya ce. Ranar Lahadi na tashi tun daga Ketu na tafi Agege wurin ƙanin mahaifiyata, mota biyu na shiga, ga gosulo. Magana ce a cikina da na kwana uku ina juya ta. Muka gaisa, na ce, "Kawu, dama wata magana ce ta kawo ni game da aikin nan da nake yi." Iyakar abin da na samu na faɗa ke nan. Daga nan ya karɓe. Ya faro daga ranar da ya sauka Ikko a jirgin ƙasa da ɗan ƙunshin kayansa, ya bi ta kan yaran zamani marasa haƙuri, ya shiga waya da TikTok, ya ɓullo ta kan sallar asuba, ya dawo kan mashin ɗina da aka kama a 2022 kamar ni na kafa dokar hana okada a Legas. Har aka kira la'asar. Muka yi salla, ya ba ni dubu biyu kuɗin mota, ya ce in gaida mutanen kasuwa. Yadda na tafi da maganata haka na dawo da ita.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, na sha gani a majalisa da wurin aiki. Me ke sa mutum in an zo masa da zance, maimakon ka faɗa ya faɗa, sai ya mai da kai mai sauraron huɗuba? Ita huɗubar ma ai an san lokacin da take ƙarewa.

MaiShayi_Obalende:
Wa'alaikumus salam. Hhhh ka gode wa Allah an ba ka kuɗin mota. Nawa dattijon sai ya gama wa'azin tsaf sannan ya tambaye ni ko da canji a jikina.

Bakatsine_Apapa:
Kai ka jawo da ka ce "game da aikin nan". Da dattijo ya ji kalmar aiki, abu biyu ke faɗo masa: ko ka gaji za ka gudu gida, ko jari kake nema. Duk biyun kuwa amsarsu na aljihunsa tun ba a haife ka ba.

Alhaji_Goro_Zango:
Yaro, bari in amsa maka, don na kai shekarun kawunka ko na fi shi. A Agege aka yanke mini cibiya. Goro ne ya kawo mahaifina nan, yana saye yana lodawa a jirgi zuwa Kano. A gabana yara suka zo da silifa suka koma da mota, a gabana wasu suka zo da jari suka koma ko kuɗin tasha sai da aka yi musu karo-karo. In yaro ya buɗe baki ya ce "dama", wallahi sau da yawa na san inda zancen zai sauka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sannan ku ma kuna da naku. Ba ku magana. Yaro zai zo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. In ce me ke tafe da kai, ya ce ba komai Baba, gaisuwa ce. To in yi yaya? Mu zauna muna kallon bango? Sai in kwance abin da na sani in baza, ko Allah zai sa wani abu a ciki ya dace da ciwonsa.

Ɗan_Dako_Mile12:
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ni ban ce ba komai ba. Na fara, aka katse ni.

Alhaji_Goro_Zango:
To a nan kam kawunka ya yi gaggawa. Ka yi masa uzuri.

Uwargida_IdiAraba:
Baba Alhaji, a gafarce ni, amma wa ya koya mana sunkuyar da kan? Tun muna ƙanana in babba na magana ka ɗago ido, an ce idonka ya bushe. Ka ba da amsa, an ce kana mayar da magana. An shekara ashirin ana koya wa mutum yin shiru, ranar da ya ƙware a shirun kuma a ce ba ya magana.

Mu mata namu ya fi naku ciwo. Bara na je wurin wata yayar babana a Mushin, so nake ta ba ni dabarar yadda zan shawo kan maigidan ya bar ni in riƙa yin waina a ƙofar gida, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cefane ba ya kai mu ƙarshen sati. Na ce, "Gwaggo, maganar maigidan ce." Shi ke nan. Aure ibada ne, mu ma haka muka zauna, namiji ba ɗan goyo ba ne, kishi kumallon mata, in an kawo ta ki karɓe ta hannu biyu. Har da kukanta, ta tuno nata zaman. Ni na koma ina ba ta haƙuri. Yau shekara guda, duk ranar da muka haɗu a biki sai ta ja ni gefe ta ce, "An sa ranar?"

MaiShayi_Obalende:
Hajiya, wainar fa, an fara?

Uwargida_IdiAraba:
An fara tun azumi. Da kaina na faɗa masa, bai ma yi gardama ba.

Basakkwace_AlabaRago:
Ku bari in hwaɗa muku abin da kowa ka kewayewa, don ni ma ina yi, ba ni ɓoyewa. Nasiha ta hi kuɗɗi arha. In yaro ya zo wurina, na san in na bar shi ya kai ƙarshen magana, ƙarshenta buƙata ta. Da na ji ta da kunnena ta hau kaina, in na yi, aljihu ya ji, in ban yi ba, gari ya ji, har ƙauye sai an kai labari. Amma in na riga shi, na cika mai kunne da haƙuri da tawakkali har lokacin salla ya yi, mun rabu ba wanda ya ji kunya. Shi bai roƙa ba, ni ban hana ba. Duk wanda anka sani da ɗan rufin asiri a wanga gari, mutum nawa ka sallama mai a yini? Ba mugunta ba ta, garkuwa ta.

Bakatsine_Apapa:
Wallahi Basakkwace ya fasa ƙwai. Ban taɓa jin wanda ya amsa wannan laifin da bakinsa ba.

Matashi_Ajegunle:
To ai wannan ya fi muni. Kenan kun san abin da kuke yi. Gara ka ce mini babu in san inda dare ya yi mini, da ka zaunar da ni awa guda kana karanta mini tarihin wahalarka. Kuma ba kowa ke zuwa roƙo ba. Wani so yake kawai a ji shi.

Basakkwace_AlabaRago:
Ɗana, ranar da ka tara naka, a dinga yi ma sallama tun asuba, ka dawo mu yi zance.

Nas_Surulere:
Ni a asibiti nake aiki, kuma abin nan ba na dattawa ko na Hausawa kaɗai ba ne. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya. Suka tarar yawanci majinyaci bai wuce daƙiƙa 18 da fara bayanin abin da ke damunsa ba ake katse shi. Likitoci ke nan, waɗanda aikinsu bai yiwuwa sai sun ji. Dalilin kuwa shi ne wanda Baba Alhaji ya faɗa: ka ga irin ciwon sau ɗari, da ka ji farkon sai ka ɗauka ka san ƙarshen.

Ni ma na yi. Akwai wani bawan Allah direban tirela da ke zuwa awon hawan jini, kullum jinin a sama, kullum bai sha magani ba. Wata uku ina yi masa karatu: rage gishiri, rage dunƙule, shanyewar ɓarin jiki, ka tuna da 'ya'yanka. Yana cewa to, to, in sha Allahu. Rannan na gaji, na ajiye biro na ce, "Malam, tsakaninka da Allah me ke hana ka shan maganin nan?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce maganin yana sa shi yawan fitsari, shi kuwa sai ya kwana biyu a layin shiga tashar jirgin ruwa, in ya sauka neman wurin kewayawa layi ya motsa an tsallake shi. Kunya ce ta hana shi faɗa wa mace. Na kai shi wurin likita aka duba aka sauya masa wani. Wata uku na ɓata ina amsa tambayar da ba a yi mini ba.

Bakatsine_Apapa:
Anti Nas, wannan layin na san shi kamar yunwar cikina. Mutumin nan gaskiya ya faɗa miki.

Almajirin_Zaure:
Bismillah. Ina so a raba abu biyu, don na ga ana neman a shafa wa wa'azi baƙin fenti. Wa'azi da nasiha addini ne, hadisin Tamimud Dari na nan cewa addini nasiha ne. Abin da ake kuka da shi a nan shi ne yin su ba a muhallinsu ba, kuma magabata sun riga mu lura da wannan.

Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya ce masa da ma kullum ne. Ya ce abin da ke hana shi shi ne gudun kada ya gundure su, kuma haka Manzon Allah (SAW) yake zaɓar musu lokaci don gudun ƙosawa. Sahabbai ke nan ake gudun su ƙosa, ina ga ɗan dakon da ya wuni da kwandon tumatir a ka?

Ku duba saurayin da ya zo ya ce a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa. Manzon Allah (SAW) ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya shiga tambayarsa: za ka so a yi da mahaifiyarka? Da 'yarka? Da 'yar'uwarka? Yaron na amsawa da bakinsa, a'a wallahi. Da tambaya aka warkar da shi, sannan aka yi masa addu'a. Haka Utba ɗan Rabi'a, da Ƙuraishawa suka aiko shi da tayin dukiya da sarauta, maganar da ba ta da daɗin ji ko kaɗan, an bar shi ya kai aya, sannan aka tambaye shi da alkunyarsa, ka gama, ya Abal Walid? Sai da ya ce ya gama aka ba shi amsa. Kuma a Suratu Ɗaha aya ta 44, Annabi Musa da Annabi Haruna aka ce su yi wa Fir'auna magana mai laushi. Kawunka bai kai Annabi Musa ba, kai kuma ba ka kai Fir'auna ba. Wallahu a'alam.

MaiShayi_Obalende:
Allah gafarta Malam, ka ga kai ma ka hau mumbarin, har da wallahu a'alam.

Almajirin_Zaure:
Hhhh ni ai tambaya aka yi na amsa. Amma na karɓi gyara, na sauko.

MaiShayi_Obalende:
To tunda an sauko bari in faɗi nawa, don teburin shayi makaranta ce. Shekarata tara ina kallon majalisa daga bayan tukunya. Wanda ya fi kowa baza ilimi da daddare, in ka bincika, shi ne wanda ya wuni ba a ba shi damar cewa uffan ba. Akwai wani da ke gadi a wani gida, tun safe "to yallaɓai, an gama yallaɓai", yaron gidan da bai kai ɗansa ba yana kiransa da yatsa. Da ya zauna a bencina ya karɓi kofi, sai ya zama farfesa: siyasar Amurka, farashin dala, maganin basir, duk ya sani, kuma ba ka isa ka saka baki ba. Da ina jin haushinsa. Yanzu sai in yanka masa burodin Agege in bar shi ya zuba. Maganar wuni guda ce ta taru masa, dole ta sami mafita.

Malamin_Firamare_Ojo:
Ni a ganina tushen abin makaranta ce. Yadda aka karantar da mu haka muke magana. A makarantar allo malam ya biya ka maimaita. A boko malam ya rubuta a allo ka kwafa, ranar jarrabawa ka mayar masa da kayansa. Wani masanin ilimi ɗan ƙasar Brazil, Paulo Freire, ya kwatanta wannan da ajiya a banki: an ɗauki kan yaro kamar asusu, malam na zubawa. Wanda ya tashi a haka, duk ranar da ya ga na ƙasa da shi, zubawa kawai ya iya. Ni kaina in yaro ya ɗaga hannu ana saura minti biyar a tashi, raina ɓaci yake.

Almajirin_Zaure:
Malam, ban yarda a haɗa da karatun zaure ba. A zaure ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassara, in bai gane ba ya tsaya ya tambaya, wani lokaci a wuni a kan layi ɗaya. Mu aka koya wa cewa tambaya rabin ilimi ce.

Malamin_Firamare_Ojo:
Tambayar neman ƙarin bayani, e. Amma ka taɓa ce wa malaminka ba ka yarda ba?

Almajirin_Zaure:
Akwai yadda ake faɗa. Sai ka ce, "Allah gafarta Malam, na ga kamar wani malamin ya tafi a kan kaza." Ya gane, kai ma ka gane.

Matashi_Ajegunle:
Wato sai ka ari bakin wani kafin ka ci albasa.

Ɗan_Keke_Ikorodu:
Ku kuna maganar na gida. Ni wa'azin da ya fi ƙona mini rai na fasinja ne. Mutum zai shigo, da ya ga hulata sai ya ce "Aboki", daga nan har inda zai sauka yana koya mini rayuwa: ku daina haihuwa barkatai, ku sa yara a makaranta, me ya sa kuke barin almajirai a titi. Bai tambaye ni ko 'ya'yana nawa ba. Biyu ne, duk suna makaranta, ni kuma ina da NCE, rashin aiki ne ya kawo ni kan keke. Ba da ni yake magana ba, da wani Bahaushe yake yi wanda ya ƙera a kansa, ni dai na ara masa kunne ne. In na amsa da Turanci sai ka ga ya yi turus.

Uwargida_IdiAraba:
Haka ne, amma ba duka ba. Matar da muke haya a gidanta Bayarabiya ce, kuma ban taɓa ganin mai iya sauraro kamarta ba. Za ta ce in zauna, ta yi ta tambaya har sai na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Ita ma tana kuka da surukarta a kan wannan halin dai. Su da suke kwanciya ƙasa su gaida babba, kana ganin yaransu na samun bakin magana?

Sabon_Zuwa_Oyingbo:
Ni abin da ya ba ni mamaki da na zo garin nan, har a cikin danfo, motar haya, ana yi. Kana zaune a matse wani zai miƙe ya fara wa'azi, yana gamawa mai maganin gargajiya ya karɓa.

Bakatsine_Apapa:
Waɗannan ai sana'a suke, kuma ba su ce hira za a yi ba. Ni tambayata ga mai zancen: ka ce an kama mashin ɗinka a 2022, ba a 2020 aka hana okada ba?

Ɗan_Keke_Ikorodu:
Sau biyu ne. An yi na Fabrairun 2020. Sannan Gwamna Sanwo-Olu ya sake kafa dokar daga 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Mile 12 kuwa a Kosofe take.

Ɗan_Dako_Mile12:
Na Satumban ne ya ci ni. Saura wata biyu in gama biyan kuɗinsa.

Matashi_Ajegunle:
Allah ya mayar da alheri. Kuma na tabbata ranar ma wa'azi ka sha, ba jaje ba.

Admin_2:
Jama'a a dawo kan zance, maganar okada an yi ta har an gaji. Kuma masu turo saƙon murya na minti goma sha ɗaya, a tausaya wa datar mutane, a rubuta.

MaiShayi_Obalende:
Admin, ai saƙon murya shi ne mumbarin zamani, ba mai katse ka. Allah ya saka wa wanda ya sa maɓallin ƙara gudu a WhatsApp. Baffana a ninki biyu nake jinsa, nasiha na wucewa kamar BRT a layinta.

Maigadi_Ikoyi:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ban sani ba ko ni ne farfesan da Mai Shayi ke nufi, in ni ne na yafe. Amma ina so in faɗi wani abu, ko da wani uba irina a nan.

Iyalina na gida, can wajen Daura. Sau biyu nake zuwa a shekara, Babbar Salla da lokacin girbi. Babban ɗana shekararsa goma sha shida. Duk ranar Juma'a nake kiransu, kuma kafin in kira na riga na jera abin da zan faɗa, don kati ba ya jira: ka riƙe salla, ka bi uwarka, kada in ji ka da yaran bakin tasha, ka kula da akuyoyi, karatu karatu karatu. Yana cewa to Baba. Shekara huɗu ban ji wata kalma daga bakinsa ba bayan to Baba. Ni a zatona tarbiyya nake yi. Ina ganin tunda ba na nan, dole in cusa na wata shida a cikin minti biyar.

Da na je girbin bara, wani maƙwabci ne ya ce mini, "Ɗanka fa ya iya gyaran waya, duk unguwar nan shi muke kai wa." Ashe shekara guda ke nan yana zuwa shagon wani bayan an tashi makaranta, har ya fara saya wa ƙannensa sabulu. Kowa ya sani ban da ni. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini ba. Ya ce, "Baba, ai ba ka tambaya." Ban yi barci ba daren nan. Yanzu in na kira, sai in ce ya shago, in kama bakina. Wallahi da wuya, harshe na yi mini ƙaiƙayi. Makon jiya minti shida yana ba ni labarin wata waya da ta faɗa rijiya, kati ya ƙare ban ce ya riƙe salla ba. Ina ajiye wayar kuma sai na ji kamar na yi laifi.

MaiShayi_Obalende:
Ba kai ba ne Baba, nawa farfesan Bazazzagi ne. Amma ka zo Obalende, shayinka da ƙwai kyauta.

Alhaji_Goro_Zango:
Maigadi, kada dai ka bar faɗa masa sallar gaba ɗaya. Yaro na buƙatar a ji shi, yana kuma buƙatar a faɗa masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Uwargida_IdiAraba:
Jama'a ku tsaya. Yanzu na koma sama na sake karantawa. Mun kawo hadisi, mun kawo bincike daga Amurka, mun je Brazil mun dawo, amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai tambayi yaron nan wace magana ce ta kai shi Agege ba. Har da ni. Ƙanena, mece ce maganar?

Nas_Surulere:
Innalillahi. Ni da na zo da labarin daƙiƙa 18.

Ɗan_Dako_Mile12:
Hhhh Yaya, na lura tun ɗazu, na dai yi shiru. Ba kuɗi na je nema ba. Akwai wani Alhaji da ke kawo albasa daga Aliero ta jihar Kebbi, shekara biyu ina sauke masa kaya. Ya ga ina iya lissafi da rubutu, ya ce yana so in bar dako in riƙa tsaya masa a nan: in ƙirga buhu in mota ta iso, in karɓi kuɗi wurin dillalai, in tura masa. Sharaɗinsa ɗaya, in kawo dattijon da aka sani a garin nan ya ce ya san ni, ya san gidanmu. Abin da na je in roƙi Kawu ke nan. Albishir ma na ɗauka zan yi masa.

Basakkwace_AlabaRago:
To ka gani. Wanga ai ya hi kuɗɗi nauyi. Kuɗɗi in ka ba da sun tahi ka huta. Tsayawa mutum kau, in buhu goma sunka ɓace, ƙohwar kawunka za a buga. Ban ce ya sani ba, amma tsoho na jin ƙanshin nauyi tun daga nesa.

Matashi_Ajegunle:
Ko kuma bai ji ƙanshin komai ba, yana son jin muryarsa ne kawai. Ni shawarata ka nemi wani. Dattawa sun ƙare ne a Legas?

Alhaji_Goro_Zango:
A'a, kada ka tsallake shi. In ya ji a bakin wani cewa ka kai wani bare ya tsaya maka alhali yana raye, wannan tabon har gida zai kai, mahaifiyarka ce za ta sha. Ka koma, amma ka sauya dabara. Kada ka je da rana lokacin da mutane ke kewaye da shi, dattijo in da masu kallo dole ya nuna shi dattijo ne. Ka je bayan isha. Kuma kada ka fara da "dama". Ku yara kuna faro zance daga jela, kafin ku iso kai an tare ku. Kana gama gaisuwa ka ce, "Kawu, an ba ni amana, an ce sai ka sa baki." Ka ga ka ba shi girmansa tun a kalmar farko, dole ya tambaye ka wace amana.

Uwargida_IdiAraba:
Ko ka fara bi ta wurin matarsa. Ka kai mata 'yar albasa, ka ba ta labarin duka, kafin ka dawo ta gama aikin.

Malamin_Firamare_Ojo:
Duk dabaru ne masu kyau, amma ku lura har yanzu yaron ake koya wa yadda zai lallaɓa a ji shi. Ba wanda ya ce a je a koya wa Kawu sauraro.

Bakatsine_Apapa:
To Malam sai ka shirya ka je Agege ka yi masa wa'azi a kai.

Ɗan_Dako_Mile12:
Na gode ƙwarai jama'a. Alhajin zai juya Kebbi ranar Asabar, don haka daren Alhamis zan je in sha Allahu, in kwana can. Zan bi ta wurin matar Kawun tukuna kamar yadda Yaya ta ce. Abin da ban sani ba shi ne ko in tafi da Alhajin ne gaba ɗaya, ko in fara zuwa ni kaɗai.

Alhaji_Goro_Zango:
Kai kaɗai tukuna. In ka haɗa tsofaffi biyu a ɗaki ɗaya, ranar ko "dama" ɗin ba za ka samu faɗa ba.

MaiShayi_Obalende:
In an ba ka aikin ka tuna da mu masu soya ƙwai. Nawa ake sayar da buhun yanzu?

Ɗan_Dako_Mile12:
Motoci biyu sun shigo da daren nan, ba a fasa farashi ba. Sai na shiga kasuwa da safe zan faɗa maka.